Ranar da Na Bar Jirgin Mahauta

Ku 'ya'yana, na san kun tashi kuna jin wata magana a kaina a kwata da bakin kasuwa, kuma har yau babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya ko don tausayi. Cewa ake yi Sale ya tsorata ranar tsere, ya bar abokansa a bakin ruwa ya ɗauki uwarsa yawon shan iska. Cewa na ɗauki uwata gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne zan rubuta muku yanzu, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Na girmi tafkin Lagdo. Ina saurayi aka tare kogin Binuwai da baraji, wato madatsar ruwa, ruwa ya taru a hankali yana hawa kan gonaki da hanyoyi da ƙauyuka, har tsaunuka suka koma tsibirai. Ku kun same shi kamar tun fil'azal yake wurin, amma mu mun ga lokacin da yake baƙo. Mutanen Garwa sun ɗan ɗauki lokaci suna kallonsa daga nesa, sannan suka saba da shi, kuma ɗari ne ya saba su. Kun san garinmu da zafi, wata tara mutum yana neman inuwa. Idan aka gama girbi sanyi ya shigo, sai gari ya zama kamar wanda aka sauke wa kaya. A lokacin ne ake cika motoci da tabarmi da tukwane a nufi tafki. Da sassafe ruwan yana fitar da tururi kamar an ɗora shi a murhu, jiragen masunta suna fitowa daga ciki ɗaya bayan ɗaya, ka ga kan mutum kafin ka ga jirginsa. Rana na ɗagawa sai yashi ya cika da jama'a. Matasa suna kokawa da langa, mata suna suyar karfasa, a saki agwagwa a ruwa masu iyo su bi ta, wanda ya kama tasa ce. Mu mahauta mukan kafa tukubarmu can gefe, hayaƙin tsire yana kwanciya a kan ruwa. A babbar ranar kuwa, bayan azahar, akan yi tseren jirage. Dogayen jirage ne masu mutum goma sha biyu, a tashi daga yashi, a kewaye wata busasshiyar bishiya da ke tsaye a cikin ruwa, a dawo.

Tseren na masu ruwa ne, Sarkawa da Kotoko da Musgum. Mahauci aikinsa ya sayar musu da tsire idan sun fito. Bala ne ya ce ba zai yiwu ba. Bala ɗan wan mahaifina ne, tare aka yi mana kaciya, tare muka koyi fiɗa, kuma ban taɓa ganin mai saurin wuƙa irinsa ba. Wata shekara muna tsaye muna kallon tsere, ya juyo ya dube ni da hannunsa duk ƙuli.

“Sale, mu da ke kayar da bijimi mu huɗu, itace ne zai gagare mu?”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Kafin ɗari ya zagayo ya tara mahauta goma sha biyu, ya sa an sassaƙa mana jirgi. Shekarar farko mu ne na ƙarshe, sai da aka fara naɗe tabarmi muka iso. Wani Basarke ya ce mana mu koma ga wuƙaƙenmu, ruwa ba ya fiɗuwa. Shekara ta biyu mun wuce jirgi ɗaya. Bala yana gaba yana ba da kiɗan filafili, ni ina baya ina riƙe da kan jirgi, don ina yaro na yi wasa a Binuwai fiye da sauran, na san yadda ruwa ke ture itace. Duk tseren a wurin bishiyar nan yake. Idan ka yi nesa da ita an wuce ka, idan ka matse ta rassan da ke ƙarƙashi su kama ka. Na yi shekara huɗu ina koyon wannan kwanar, har na san reshen da ba a gani. A shekara ta biyar kowa a Garwa ya san jirgin mahauta zai iya ci. Sarkin Pawa ya ɗinka mana riguna iri ɗaya, aka ɗauko masu kalangu.

Yanzu sai in gaya muku wace ce kakarku, don manyanku ne kawai suka san ta, su ma da ɗan dama. Dada muke ce mata. Bafulatana ce daga wani ƙaramin ƙauye a kwarin Binuwai, ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ya ci. Siririya ce, ba ta da yawan magana, tana iya wuni tana tsince shinkafa ba ka ji muryarta ba. Matan unguwa suna yi mata tsiya a kan abu ɗaya: ni ne babba a ɗakinta, amma tana kiran sunana gatsau, Sale kaza, Sale kaza, ba ta yi mini kunyar ɗan fari. Sukan ce zama da mahauta ya cinye mata fulaku. Sai ta yi murmushi ta ci gaba da abin da take yi. Kuma tun da aka yi tafkin ba ta taɓa taka bakinsa ba. Duk ɗari gidanmu yakan watse zuwa Lagdo, ita ta zauna da kaji. Idan ƙanwata Jummai ta matsa mata, amsarta ɗaya ce.

“Ku je ku dawo lafiya. Ni ba na son ruwan da ba ya tafiya.”

A shekarar da nake ba ku labari, ciwo ya kama ta tun ƙarshen damina. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Muka yi ta zarya lopital, wato asibiti, a ƙarshe likita ya ce aikin ya fi ƙarfin nan, sai Yawunde. Aka tsayar da ranar Litinin, mota zuwa Ngaundare, daga can jirgin ƙasa. Tseren kuwa ranar Lahadi ne. Ranar Asabar da la'asar gidan ya kacame, mahaifiyarku Hadiza tana daka yaji, Jummai tana haɗa wa Dada kayan tafiya, ni ina shafa wa filafilina mai. Dada tana kan tabarma a jikin bango, ta lulluɓa da bargo.

“Gobe da ni za a tafi,” in ji ta.

Taɓarya ta tsaya a hannun Hadiza. Jummai ta ce, “Ina, Dada? Yawunde ai sai jibi.”

“Tafkin.”

“Da wannan jikin? Ga sanyi, ga hanya?”

“Na ce da ni za a tafi. Ba ɗana ne zai yi tsere ba?”

Daɗi ya kama ni. Na ɗauka don ni za ta je.

Mun isa da hantsi. Tururin bai gama tashi ba, tsibirai suna shawagi a cikinsa kamar ba su taɓa ƙasa. Muka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin wata tsamiya nesa da hayaniya. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta zuba wa ruwan ido. Hadiza ta kawo mata kunu ba ta sha ba. Na tafi wurin jirgi, muka gwada shi sau biyu, muka yi sallar azahar a kan yashi, muka sa rigunanmu. Masu kalangu sun fara zuga mu ke nan Jummai ta zo ta ce Dada tana kirana. Na je da gudu, ina zaton albarka za ta sa mini. Ta kori Jummai da hannu. Sannan ta nuna mini wani tsibiri can gabas, mai dutse a kansa kamar an kifa ƙwarya.

“Ka ga wancan? Ka kai ni gindinsa.”

“To, Dada. Da an gama tsere.”

“Idan an gama tsere rana ta yi sanyi, direba zai ce a tafi. Gobe kuma ina cikin mota.”

“Idan kin dawo daga Yawunde zan kawo ki, ni da ke kawai.”

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

“Sale, tun kafin a haife ka nake tara ƙarfin da zan yi wannan maganar. Yau na same shi. Ban san ko zai kai la'asar ba.”

Ban tambaye ta dalili ba, don na ga ba za ta faɗa a kan tudu ba. Na tsaya tsakanin tsamiyar nan da jirgi, kalangu yana kiran sunana. Ba zan ce muku na yi dogon tunani ba. Ƙafafuna ne suka kai ni wurin Bala, bakina ya ce masa ba zan shiga ba. Da farko ya ɗauka wasa ne.

“Dada ce take so in kai ta cikin ruwa.”

“Jikin ne ya tashi? A nemo mota.”

“A'a. Wani wuri take son gani.”

“Wuri take son gani.” Ya maimaita a hankali. “Yau? Yanzu? Sale, shekara biyar. Dubi mutanen nan. Wa zai riƙe mana baya?”

“Sa Audu. Ka ce masa ya ba bishiyar fili, kada ya matse ta.”

“Ka dube ni ka gaya mini abin da ke faruwa.”

“Ban sani ba, Bala.”

Gaskiya na faɗa masa, a lokacin ban sani ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo hannu. Na tuɓe rigar na ba shi. Audu ƙaninsa ne, ƙaƙƙarfa, amma bai taɓa zama a baya ba.

Na ari ƙaramin kwalekwale wurin wani tsohon masunci, na ɗauki Dada kamar yarinya na zaunar da ita a tsakiya, na naɗe ta da bargo. Muka fita ta wani lungu inda ciyawa ta rufe mu. Da muka yi nisa hayaniyar ta ragu, ta koma kamar ƙudan zuma a cikin rami. Ruwan ya kwanta lumui. Sama tana ciki, gajimare biyu suna tafiya a ƙarƙashinmu, har na riƙa jin kamar filafilina cikin sararin sama yake shiga. Belbelu sun jeru a kan matattun itatuwa ba sa motsi. Can nesa dorina ta fito da kunnuwa ta nitse. Da dutsen ya matso sai Dada ta gyara zama, muryarta ta sauya, ta koma ta wata yarinya da ban sani ba.

“Yi dama kaɗan. Yawwa. Nan hanyar shanu ce. Bi ta a hankali.”

Na leƙa. Babu komai sai koren ruwa da fuskata.

“Ga rijiya nan. Ruwanta da ɗan gishiri, sai wanki. Wuce. Wannan gidan Jauro mai gari ne, kada ka bi masa ta cikin gona, faɗa gare shi. Kewaya ta bayan rumbu.”

Na kewaya. Wallahi na kewaya, na karkata kwalekwalen na bi bayan rumbun da ba na gani. Haka muka ratsa garin gida gida. Ta nuna mini inda ake cin kasuwa ranar Laraba, da kukar da 'yan mata ke tsayawa da ƙoren nono, da gidan wata makauniya mai kitso. Tana faɗin sunayen mutane tana gaishe su da Fulatanci ƙasa ƙasa, jam na, jam na, kamar suna zaune a ƙofar gidajensu. Ni kuma sai na fara ganinsu. Na san ruwa ne kawai, amma na ga danga, na ga hayaƙi, na ji ƙamshin tukuɗi. Muka fita ta gabashin gari, inda inuwar dutsen ta faɗo kan ruwa. Ta ɗaga hannu.

“Tsaya nan.”

Na tsayar. Kwalekwalen ya yi ɗan juyi ya natsu.

“Matan unguwa suna cewa ba na jin kunyar sunanka,” in ji ta. Ba ni take kallo ba. “Ba kai ne na fari ba, Sale.”

Daga nan ta ba ni labarin, a hankali, tana hutawa saboda numfashi. Kafin mahaifina ta auri wani ɗan garinsu, makiyayi, suka sami 'ya mace. Yarinyar tana shekara uku maciji ya sare shi ya rasu. Mahaifina yana zuwa ƙauyen sayen shanu, ya gan ta, ya nema, ita ma ta so shi. Dangin mamacin suka ce idan mahauci za ta aura ta tafi, amma jininsu ba zai tashi a gidan pawa ba. Babu wanda ya tilasta ta. Ta zauna ta yi tunani, ta zaɓi tafiya, ta ce a ranta idan ta kafu a Garwa za ta dawo ta lallashe su. Ranar da za ta tafi ta ba yarinyar ƙullin gyaɗa ta ce ta je ta kai wa kakarta, don kada ta ga fitarta. Sai cikina ya zo, sai goyo, sai wata damina da hanya ta yanke. Ta aika da zane sau biyu. Ina shekara biyu aka zo aka gaya mata ƙyanda ta shiga garin, an binne yarinyar tun kwana tara. Kunya ta hana ta zuwa gaisuwa. Ta ce baɗi, baɗi ta zo ta ce wata baɗin, har ruwa ya zo ya rufe wurin. Mahaifina ya sani, bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

“Ta tafi da gyaɗar tana waiwayena,” in ji Dada. “Ta san wani abu. Yara suna sani.”

Na ce, “Yaya sunanta?”

Na ɗauka ba za ta amsa ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma ita ta riƙe wannan kunyar shekara da shekaru ba wanda ya san tana riƙe da ita. Ta zaro hannu daga cikin bargo ta sa a ruwa har wuyan hannu.

“Aisatu,” ta ce. Ba ni ta gaya wa ba. Ta sake cewa, “Aisatu. Ni ce. Na zo.”

Muka ɗaga hannu muka yi addu'a. Ta karanta abin da ta iya, na karanta abin da na iya. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Ta bar hannunta a ruwan har yatsunta suka yi fari, tana motsa shi kaɗan kaɗan kamar mai shafa kan yaro.

A cikin wannan shirun ne iska ta kawo mini kalangu. Ɗan mahauci yana jin maganar kalangu kamar yadda yake jin Hausa. Na ji an tashi. Na ji ana kiran Bala, ana cewa mahauta ne gaba, mahauta ne gaba. Na ƙirga bugun filafili a raina, na san daidai lokacin da za su kai bishiya. Sai kiɗan ya yanke a tsakiyar magana. Wata irin ƙara ta taso daga bakin yashi, ba ta murna ba. Dada ta dube ni.

“Na ɓata maka,” in ji ta.

“Ba ki ɓata komai ba.”

“Mu koma. Amma ka yi mini alkawari. Kada Jummai ta ji. Ba na so ta dube ni ta ga matar da ta bar 'yarta da ƙullin gyaɗa.”

Na yi mata alkawari. A hanyar dawowa ta yi barci, kanta a jikin gwiwata, fuskarta a sake kamar ta wanke.

Abin da ya faru shi ne, suna gaba da tsawon jirgi guda, Audu ya ga nasara ya matse bishiyar. Reshen ƙarƙashi ya kama su, jirgin ya juya ya kife. Kowa ya fita, amma hannun Bala na dama ya shiga tsakanin jirgi da kututture. Kafin in iso an tafi da shi. Na tarar da rigunanmu a zube a kan yashi, jiƙe, mutane suna kallona. Washegari na raka Dada Yawunde. Aka yi mata aiki, muka yi wata guda, muka dawo. Ta rayu har farkon damina. A waɗannan watannin ta fi kowane lokaci yawan magana da dariya, har Jummai tana cewa likitocin Yawunde sun sauya mana uwa. Ta rasu wata ranar Alhamis da hantsi, ruwan farko yana sauka.

Hannun Bala ya ɗoru a karkace. Yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Mutumin da yake feɗe sa kafin a gama gaisawa ya koma zama a bakin teburi yana nuna wa masu saye nama da hagu. Da na dawo daga Yawunde na je gidansa. Ya bar ni a zaure na daɗe, sannan ya fito da hannun a rataye.

“Yanzu ka san abin da ya faru?” ya ce.

“Na sani.”

“To gaya mini.”

“Ba zan iya ba. Amana ce.”

Ya gyaɗa kai ya koma ciki. Ranar rasuwar Dada ya zo, ya yi salla, ya yi wa Jummai gaisuwa, ya wuce ni. Daga nan muka yi shekara ashirin da wani abu a kwata ɗaya, layi ɗaya a masallaci, salamu alaikum, alaikumus salam, shi ke nan. Jirgin mahauta bai ƙara shiga ruwa ba, ya ruɓe a bakin yashi, awaki suna kwana a ciki. Ni ma ban ƙara zuwa tafkin ranar wasa ba. Nakan je ni kaɗai idan ɗari ya kusa fita, in ari kwalekwale, in bi ta hanyar shanu, in kewaye gonar Jauro. Mahaifiyarku ta san ina zuwa, ba ta taɓa tambayata ba, Allah ya saka mata.

Ga inda nake so ku fahimce ni da kyau, don ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. Kai Dada da na yi, ko yau aka maido ni zan sake. Amma alkawarin da na yi mata a kan Jummai ne. Ba ta ce kada Bala ya ji ba. Bala mutum ne da idan ka ba shi magana ta mutu a cikinsa. Ni ne na faɗaɗa alkawarin, kuma na daɗe kafin in gane dalili. Na ji zafin yadda ya karɓi rigar nan daga hannuna, na ji zafin barina a zaure, sai na ce a raina ai ya kamata ya yarda da ni ba sai na yi bayani ba. Na riƙa jin daɗin zama wanda aka zalunta yana shiru. Na kira abin amana, alhali rabinsa girman kai ne. Ina cikin wannan Bala ya kwanta ciwon kwana uku ya rasu.

Gwaggonku Jummai ta rasu bara, ba ta ji ba, na cika wa Dada alkawari. Bayan an yi arba'in na ɗauki sandata na tafi gidan Bala. Matarsa Ladi tana nan, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Na ba ta labarin tun daga tsamiya har zuwa gindin dutse, ban rage komai ba. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama ta ajiye carbin.

“Allah ya jiƙan Dada, ya jiƙan Aisatu,” in ji ta. “Malam Sale, kana zaton ya yarda da maganar tsoron nan?”

“Duk gari ya yarda.”

“Shi bai yarda ba. Ya taɓa marin wani a kwata da hannun hagu a kan maganar, ba ka ji ba? Ko hannun bai riƙe ka da shi ba, ya ce ƙaddara ce da gaggawar Audu. Duk shekara idan sanyi ya shigo hannun yakan yi masa ciwo, ya zauna nan inda kake yana gasa shi a wuta. Sai ya ce, Ladi, wani abu mai nauyi ya sami Sale a ranar nan, kuma ya ɗauke shi shi kaɗai kamar ba shi da ɗan'uwa. Ya ce yana nan yana jira, ranar da ka gaji za ka zo.”

Ta kira jikarta ta ce a kawo mini ruwa. Na karɓi kofin da hannu biyu, na kasa kai shi baki.